Harara Ɗaya Na Yi wa Hajara

Shekara tara ke nan cif, a wannan watan, da muka ɗauki ƙanwata Hajara daga gidanmu na Wudil muka kai ta makwancinta. Duk shekara in lokacin ya zagayo, abin da nake yi bai wuce in sa a dafa abinci a raba wa maƙwabta, in je maƙabarta in yi mata addu'a, in dawo in ja bakina in yi shiru ba. Bana kam shirun ya gagare ni. 'Yarta tilo, Ruƙayya, tana kwance a ɗakin da uwar ta yi jinya, da irin ciwon da uwar ta yi. Likitoci sun ce sai an canza mata ƙashin ƙugu, ita kuma ta rantse ba mai sa mata wuƙa, domin a saninta wannan aikin ne ya kashe mata uwa. Wallahi ba shi ba ne. Na san abin da ya faru, kuma shekara tara ina zaune a kan maganar.

Hajara da sikila aka haife ta. Ni ne babba, ita ke bi na, kuma tun muna yara na saba ganin ta kwance tana murƙususu yau, gobe ta tashi tana tsokanar mutane kamar ba ita ba. Tela ce ta gani ta faɗa. In salla ta matso, sai ka ga mata daga Achika da Dagumawa sun cika mana zaure da atamfofi, tana auna su tana yi musu ba'a, wannan ta ce mata ta rage tuwo, waccan ta ce mata yadin ba zai zagaye ta ba ko an haɗa da labule. Ni kuma da yake malamin makaranta ne, kullum da biro a aljihu, ba ta kira na da komai sai Yaya Hedimasta, tun kafin in riƙe ko aji ɗaya.

Ciwon ƙugun a hankali ya shigo. Da farko ɗingishi ne kaɗan, sai ta koma taka keken ɗinki da ƙafa ɗaya, sai ta koma juya shi da hannu. Daga baya ko shiga a-daidaita-sahu sai an ɗaga ta. Da muka je wani asibiti a Kano aka ɗauki hoton ƙashin, likita ya ɗaga shi a haske ya nuna mana. Ya ce kan ƙashin cinya dunƙulalle ne, yana zaune cikin wani gurbi a ƙugu yana juyawa. Sikila takan toshe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da shi, sai ya mutu yana nan a wurinsa, ya dinga rugurgujewa kaɗan-kaɗan. Na Hajara ya riga ya lotsa, ƙashi na gugar ƙashi, ba maganin sha ko na shafawa da zai tashe shi.

To ni da iyayi, sai na zaro littafi na ce sai ya faɗa min yadda ake aikin tun daga farko har ƙarshe. Bawan Allah bai ƙosa ba. Ya ce mai sikila sai an shirya ta tukuna: a ƙara mata jini, a ƙara ruwa, a tabbatar ba zazzaɓi a jikinta. Ranar aiki za a yi mata allura a gadon baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu murus. A kwantar da ita a gefe, a tsaga ta bayan ƙugun, a buɗa naman a isa ga gaɓar, a fitar da kan ƙashin daga gurbinsa a yanke shi da zarto. Sai a kankare gurbin har ya yi sumul, a kafa masa wani ƙoƙon ƙarfe, a shimfiɗa roba mai tauri a cikinsa. Shi kuma ƙashin cinyar a rarake tsakiyarsa, a cusa wani dogon ƙarfe ya zauna daram, wani lokaci da irin simintinsu na ƙashi, wani lokaci ƙashin ne da kansa zai girma ya kama shi. A saman ƙarfen a ɗora ƙwallo, na ƙarfe ko na tangaran, a mayar da shi cikin ƙoƙon. Kafin a rufe, sai a lanƙwasa ƙafar a miƙe, a juya ta nan a juya ta can, a ga ko za ta zame, sannan a ɗinke. Ya ce duka-duka bai cika wuce awa biyu ba.

Ni ina ta rubutu, Hajara kuwa sai ta yi dariya ta ce, "Ashe dai likita aikinmu ɗaya. A farke, a cire ruɓaɓɓen, a sa sabo, a mayar da ɗinki. Ka dai yi min lafiyayye, kada ya yi tattara."

Kuma lafiyayyen aka yi mata. Wannan ita ce maganar da nake so kowa ya ji da kyau. Ta fito idonta biyu, tana ba mu labarin yadda ta riƙa jin bugun guduma kamar tana kwance a shagon kafinta, amma ko ɗis ba ta ji zafi ba. Washegari da rana aka kawo mata ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, aka tashe ta tsaye. Matar da ta yi shekara biyu ba ta taka wannan ƙafar ba, ga ta a gabana ta yi taku shida. Ta kalle ni ta ce zafin nan na cikin ƙashi ya tafi, wanda ya rage na yanka ne, kuma shi ta san zai warke. Na fita waje na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Ranar sallama likitan ya zaunar da mu ya kafa dokoki. Ya ce naman da ke riƙe gaɓar an yanke shi an ɗinke, sai ya yi wata uku kafin ya yi ƙwari. A cikin wannan lokacin ba tsugunno, ba durƙuso, ba zama a tabarma ko kujera 'yar tsugunno, ba ɗora ƙafa kan ƙafa, ba sunkuyawa ɗaukar abu a ƙasa. Salla a zaune kan kujera. In za ta kwanta a sa matashi tsakanin cinyoyinta. In ta lanƙwasa ƙugun ya wuce kima, ƙwallon zai iya fita ta baya. In kuwa hakan ta faru, a dawo da ita a take, a kowane lokaci ne. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Malam, kai ne ka rubuta komai. A hannunka na bar ta." Na daki ƙirji na ce ya bar min wannan.

Kuma da gaske na tsaya. Mijinta, Malam Ado, fataken shanu yake bi zuwa Kudu, don haka gidana muka wuce da ita. Na sa kafinta ya haɗa mata doguwar kujera mai hannu, da wata mai rami a tsakiya ta ɗorawa kan masai. Na ɗaga gadon a kan bulo. Tsofaffin mata da suka zo da shawarar a yi mata gashi da ruwan zafi, na kore su ba ko kara, har aka fara cewa bokona ya yi yawa. Na ji daɗin kaina ƙwarai a kwanakin nan, ba zan ɓoye ba.

Kwana goma sha tara da aiki, ranar wata Juma'a, Baffa Sale ya zo. Baffa Sale yayan mahaifinmu ne, a Indabo yake, kuma shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Ya ci kasuwa, ya yi sallar Juma'a, sannan ya biyo dubiya shi da wasu dattawa biyu na danginmu. Aka shimfiɗa musu tabarma a rumfar tsakar gida. Hajara tana nan zaune a kan doguwar kujerarta, ƙarfen dogarawa a gabanta. Sai ga shi dattawa uku suna ƙasa, ita tana sama, gwiwarta daidai da kan Baffa.

Wanda ba a irin gidanmu ya tashi ba, ba zai gane nauyin wannan ba. Tun da muka buɗe ido, ba yaro ko mace da ta taɓa gaida Baffa a tsaye, balle daga kan kujera. Ni kaina, da furfurata, sai na cire takalmi na tsuguna.

Hajara ta ce, "Baffa, sannunku da zuwa. A yi min afuwa, an hana ni sauka."

Baffa ya ɗaga hannu ya ce, "Haba 'yar nan, yi zamanki. Lafiyar ai ita muke nema."

Kun ji fa. Shi mai haƙƙin ya yafe. Amma ɗaya daga cikin dattawan ya yi gyaran murya, ya ce, "Ikon Allah, zamani," ya juyo ya zuba min ido. Shi ke nan abin da ya ce. Nan take na ji kunya ta lulluɓe ni, na hango yadda za a zauna a dandalin Indabo ana cewa gidan ɗan boko tarbiyya ta ƙare, Sale ya yi wahalar banza. Duk abin da na rubuta a littafi ya bi iska. Na dai juya na yi wa Hajara harara, irin wadda nake mata tun tana ƙarama in ta yi abin kunya gaban baƙi. Ta san ta sarai.

Ta dube ni na ɗan lokaci. Sannan ta kama ƙarfen, ta zamo daga kujerar a hankali, gwiwa ta kai ƙasa, ta sunkuya. Na ji wani ƙas, kamar an taka busasshen kara. Ba ta yi ihu ba. Ta gaida Baffa, ta gaida sauran ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi mutanen gida, ta tambayi damina, gumi na tsiyaya daga haɓarta. Suka sa mata albarka suka tashi, ni na raka su har bakin titi. Da na dawo tana nan inda na bar ta, matata ta fito daga madafi tana tsaye a kanta tana salati. Hajara ta ce, "Yaya, ɗaga ni. Ƙafar nan ba tawa ba ce." Ƙafar ta gajarce, ta karkata ciki.

Daga Wudil zuwa Kano tafiyar nawa ce? Ranar kasuwa ce ma, motoci birjik a tasha. Da na sa ta a mota a wannan la'asar, da yau ba na wannan rubutun. Amma fuskar likitan na riƙa gani, da dukan ƙirjin da na yi a gabansa. Sai na ce targaɗe ne, zai sake. Na sayo man zafi da ƙwayoyi. Ta kwana a haka, ta wuni, ta sake kwana. Ta daina shan ruwa don kada fitsari ya kama ta a ce sai an motsa ta, ni kuma na gani na kau da kai, alhali na fi kowa sanin abin da ƙishirwa ke yi wa mai sikila. Ranar Lahadi matata ta gaji da ni ta aika aka kira mai ɗori. Allah ya saka wa wannan mutumin da alheri. Yana taɓa wurin ya janye hannunsa ya ce, "Malam, akwai ƙarfe a nan, ni kuwa ban gaji ƙarfe ba. Ku mayar da ita wurin waɗanda suka sa shi, yanzu ba anjima ba." Mai ɗori ya fi malamin makaranta hankali.

A asibiti allurar barci kawai aka yi mata, aka ja ƙafar aka mayar da ƙwallon gurbinsa, ko yanka ba a sake yi ba. Amma kwana biyun nan na azaba da ƙishirwa sun riga sun tayar da sikilar, ta hau ƙirji. Zazzaɓi, tari, numfashi sama-sama. Likitan ya tambayi yadda aka yi ta goce, da dalilin da ya sa muka makara. Kafin in buɗe baki Hajara ta zare abin numfashin daga fuskarta ta ce zamewa ta yi, kuma ita ce ta hana a kawo ta. Na tsaya a wurin ƙiƙam ban gyara mata ba. Ranar Alhamis da hantsi Allah ya karɓi abarsa.

A zaman makoki labari ya daidaita da kansa. Wannan ya ce aikin ne bai karɓe ta ba, wancan ya ce dama ina jikin ɗan Adam ina ƙarfe. Wasu kuma suka yi ta yabon ladabinta, wai ga mace da ko ciwo bai hana ta girmama manya ba. Ina zaune ina amsa gaisuwa ina cewa amin. Ruƙayya lokacin shekararta goma sha uku, tana makarantar kwana, sai ɗauko ta aka yi. Abin da ta ji a bakin mutane shi ta riƙe, ni kuma da ta taso a gabana ban taɓa warware mata ba. Baffa ya rasu, dattawan nan biyu sun rasu. Matata ta ga Hajara a ƙasa, amma ba ta ga abin da ya saukar da ita ba.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma na yi imani da ƙaddara, kada wani ya aiko min da wa'azi. Na yi wa kaina wanda ya fi naku. Amma Ubangijin da ya halicce ta ya yafe mata sujada ya ce ta yi salla a zaune, ni kuwa ban yafe mata durƙuson gaisuwa ba. Wannan ba na jin akwai malamin da zai iya cire min shi daga zuciya, kuma ba nema nake a cire min ba.

Yanzu Ruƙayya shekararta ashirin da biyu. Tana cikin karatun koyarwa ƙugunta na hagu ya fara, yau shekara ɗaya da rabi ba ta leƙa aji ba. Yarinyar da ke cika gida da surutu ta koma ja da gindi daga gado zuwa ƙofa. Abin da ya fi tayar min da hankali, watan jiya matata ta ga tabon allurai a cinyoyinta. Ashe aike take yi a sayo mata allurar kashe zafi tana yi wa kanta a ɓoye, kuma kullum sai ta ƙara yawanta kafin ta ji sauƙi. Likita ya ce gurbin ma ya fara cinyewa, duk jinkirin da aka ƙara aikin zai ƙara wuya. Sau biyu ana ba mu rana. Ta farko ta kulle kanta a ɗaki. Ta biyu har mun hau gadar Wudil, ta kama murfin motar ta ce in direba bai juya ba za ta buɗe ta faɗa. Da muka dawo gida ta ce min, "Kawu, kai ka kai Umma da ƙafarta, ka dawo da ita a kwance. Ka bar ni in mutu da ƙashina." Innalillahi! Na rasa inda zan sa raina.

Sau uku ina shiga ɗakinta da niyyar in faɗa mata. Sai in zauna a bakin gado, ta ɗago ta kalle ni da idon uwarta, in ɓige da tambayar ko ta ci abinci. Mutumin da ya yi shekara talatin yana magana gaban aji. Na san dai duk mako tana karanta wannan shafin na jarida a wayarta, shi ya sa na biyo ta nan.

Nakan tambayi kaina me Hajara za ta ce da ta ga yau. Na san za ta yi murna ta ga kujeru jere a bayan sahun masallatai, masu ciwo na salla a kai ba mai kallon su. Za ta yi mamakin yadda yara ke kallon aikin tiyata a waya kamar wasan kwaikwayo, ko da yake 'yarta kallon bai ƙara mata komai ba sai tsoro. Ni kuwa za ta yi min dariya har da riƙe ciki, ta ce Yaya Hedimasta ya kasa magana a ɗaki ya tafi jarida. Amma dariyar ba za ta daɗe ba. Ƙaryar da ta yi a gadon asibiti don ta rufa min asiri ta yi ta, ba don ta gurgunta mata 'ya ba. Da ta san inda abin zai kai, na rantse da numfashinta na ƙarshe za ta tona ni.

Me ya rage na Hajara? Akwai mata a garin nan da kewaye da ke ciyar da 'ya'yansu da ɗinkin da ta koya musu, har yau in mun haɗu sai sun yi mata addu'a. Akwai ba'arta da ake maimaitawa a gidan biki ba a ma san mai ita ba. Akwai ladabin nan da ake yabo, wanda ni in aka ambace shi sai in ji kamar in toshe kunnena. Amma duk waɗannan labari ne. Abin da ta bari mai rai guda ɗaya ne, kuma yana can ɗaki yana lalacewa a kan gado saboda ni.

Dangi na Indabo da na cikin gari, ku ji da kyau tun yanzu. In Allah ya sa aka yi aikin nan, duk wanda ya zo dubiya, komai furfurarsa, a kan kujera zai same ta kuma a kan kujera zai bar ta. Wanda ransa ba zai ɗauka ba ya yi zamansa a gida, addu'arsa ta isa.

Ke kuma Ruƙayya. Ummanki ta taka ƙafarta bayan aikin, da idona na gani, kuma tana dariya. Kwana goma sha tara ta yi ba ta ji ciwon da kike ji yanzu ba. Ba wuƙar likita ce ta raba ki da ita ba, ba ƙarfe ba ne. Ni ne, da kunyar idon mutane, da kwana biyun da na ɓata. An sake ba mu rana, Talata mai zuwa, kuma ban san ko ƙashinki zai jira wata ba. In kin gama karanta wannan kika ga ba za ki ƙara kira na Kawu ba, na yarda, ban isa in ce don me ba. In ba kya son ganina a asibitin, mahaifinki ya dawo daga Kudu, shi zai raka ki, ni ko ƙofar gida ba zan leƙo ba. Ki tsane ni iya son ranki, 'yata, amma ki tsane ni a tsaye da ƙafafunki. Motar za ta zo da ƙarfe bakwai. Don Allah, don Annabi, ki shiga.